Balbela da telan unguwarmu: yadda karya ta shiga jinyar mai farfaɗiya a Garwa

Asalin ciwon, 2012 zuwa 2016

Yaron ɗan goggona ne, wato taubashina, amma na girme shi da shekara goma sha ɗaya shi ya sa duk da wasan da ke tsakaninmu Hamma, wato yaya, yake ce min. Ba zan kama sunansa ba, Tela zan riƙa cewa tunda ɗinki ne sana'arsa. A nan Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife shi a 2003, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, goggo ce ta riƙe shi da ƙannensa mata biyu da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Da daminar 2012 zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, irin mai hawa kai ɗin nan, kwana huɗu yana kwance a asibiti bai san wanda ke kansa ba. Ya tashi, ya koma makaranta, kowa ya manta. Sai a 2016 yana ɗan shekara 13 ya yanke jiki ya faɗi a cikin aji. Bayan wata biyu ya sake, daga nan kuma abin ya zauna.

Yadda farfaɗiyar take zuwar masa kusan iri ɗaya ne kullum. Yace yana jin wani abu kaman iska na tasowa daga cikinsa zuwa maƙoshi, da wari irin na ƙonanniyar roba, ko daƙiƙa goma ba a yi sai ya yi wata ƙara guda ɗaya ya faɗi, jiki ya sandare, sai fizge-fizge da kumfa a baki, wani lokacin har fitsari. Minti biyu zuwa uku. In ta sake shi sai numfashi mai kama da minshari, sai barci na kusan awa guda, ya tashi da ciwon kai bai tuna komai ba.

Abin da aka fara gwadawa, 2016 zuwa 2020

Shekara huɗu ba a je asibiti da maganar ba. Rubutu ya sha, ruƙiyya an yi, hayaƙi an turara har idonsa ya yi ja, an kai shi wajen wani mai magani a ƙauye ta hanyar Pitowa aka bar tunkiya biyu a can. Idan ya faɗi kuma kowa da dabararsa, wani ya matsa masa albasa a hanci, wani ya watsa ruwa, wani ya cusa cokali a baki wai kar ya haɗiye harshe. Cokalin ne ya karya masa haƙorin gaba guda. Kwanonsa da kofinsa daban aka ware saboda ana cewa yawun mai farfaɗiya yana yaɗa ta, kuma saboda wannan maganar ne in ya faɗi a waje mutane ke yin da'ira su tsaya kallo ba mai taɓa shi. A 2017 ya bar makaranta, goggo ta kai shi koyon ɗinki wajen wani tela a bakin titi, tafiyar minti biyar daga gida.

A Fabrairun 2020 na matsa aka je asibiti. Likitan ya saurari labarin tun daga zazzaɓin 2012, yace irin wannan zazzaɓin kan bar tabo a ƙwaƙwalwa, kuma ciwon ba ya yaɗuwa ta yawu ko ta kwano ko ta komai. Ya gaya wa goggo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha yadda ya kamata. Ya rubuta Gardénal, ƙwaya ɗaya kullum da dare, ya ja kunne sosai kar a kuskura a tsayar da shi farat ɗaya.

Watannin farko an ga sauƙi, daga faɗuwa uku ko huɗu a wata ya koma ɗaya. Matsalar itace maganin na sa shi barci da kasala, yana kan keke yana gyangyaɗi, ubangidansa na faɗa, sai ya fara tsallake kwanaki ba tare da ya gaya wa kowa ba. Wani lokacin kuma kuɗin ne babu ko a je farmasi a ce ya ƙare. Akwai lokacin da ya yi kwana biyar bai sha ba, rana ta shida ya faɗi sau uku tsakanin asuba da la'asar.

Ƙunar Maris 2021

Ranar Juma'a ce, ana tsakiyar zafin nan na Garwa da ke wuce digiri 40. Ubangidan da sauran yaran sun riga shi tafiya masallaci, shi ya tsaya ya ƙarasa gugar wata riga da dutsen guga na gawayi. Ta kama shi yana riƙe da dutsen. Ya faɗi, murfin ya buɗe, garwashi ya zube a hannunsa na hagu da gefen ƙirji. Labulen shagon a sake yake, titi ba kowa. Wata yarinya mai tallan ruwan sanyi ce ta ji ƙauri ta leƙa, kuma da muka lissafa daga baya ya kai minti ashirin a kwance a wurin. Sati uku ya yi a asibiti, hannun har yau bai miƙewa sosai daga gwiwa.

Daga ranar goggo ta daina barci. Tabarma take shimfiɗawa a ƙofar ɗakinsa da ke kusa da zaure, saurayi ɗan shekara 18, duk motsin da ya yi sai ta ɗaga asabari. Shi kuma abin na ƙona masa rai fiye da ƙunar hannun. Ni kuma na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai shafi ɗari biyu na fara rubuta duk faɗuwa, rana da lokaci da inda ta same shi da ko ya sha magani. Duk lissafin da za a gani a ƙasa daga wannan kayen ne.

Maganar kare ta taso, Afrilu zuwa Yuni 2021

Bidiyo na gani a Facebook, wata mata a Amurka tana wanke-wanke karenta ya zo yana tura ta da hanci har ta zauna a ƙasa, sai ciwon ya zo. Na yi ta kallo ya fi sau goma. Da na shiga bincike sai na tarar abin tsoho ne, makarantar farko ta karnukan jan makafi a Oldenburg ta Jamus aka buɗe ta a 1916 saboda sojojin da suka makance a yaƙin duniya na ɗaya, a Afirka ta Kudu akwai ƙungiyarsu tun 1953, a Faransa akwai Handi'Chiens tun 1989 masu horar da karnuka ga masu keken guragu da masu farfaɗiya. Horon kan ɗauki kusan shekara biyu kuma ba duk karen da aka fara da shi ke kai ƙarshe ba, da yawa ana cire su a hanya.

Abu ɗaya na karanta na wuce ban riƙe ba sai daga baya ya dawo min. Karnukan farfaɗiya kala biyu ne. Akwai wanda ke yin aiki bayan mutum ya faɗi, ya yi haushi ya kira mutane ko ya kwanta a gefensa, wannan ana iya koya masa. Akwai kuma wanda ake cewa yana sanin zuwan ciwon tun kafin ya zo, wannan ko masu horarwar ba sa ba da tabbaci a kansa. Ni dai na biyun ne ya shiga raina, saboda bidiyon.

Goggo da ta ji cewa ta yi, "Kare? A gidan nan? Ɗan nan ka rasa abin da za ka kawo min sai abin da zai kori mala'iku?" Sai muka tafi wajen limamin unguwa mu uku. Malam ya saurara har ƙarshe yana kallon hannun yaron, sannan yace a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Yace hadisin raguwar ladan mai ajiye kare ya cire karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai sun yi ƙiyasin tsaro a kansu, ya kawo ayar Suratul Ma'ida mai maganar dabbobin farauta da aka horar. Har ya ba mu labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya karhanta, yace da Malik ya riski wannan zamanin da zaki zai ajiye. Kan maganar mala'iku yace akwai saɓani, don haka a fita daga saɓanin, karen ya zauna a ƙofar ɗaki da tsakar gida, kar ya shiga inda ake sallah. Goggo tace, "To Malam, tunda kai ka faɗa." Amma fuskarta ba ta ce to ba.

Kare na ɗaya da na biyu, Yuli zuwa Nuwamba 2021

Na farko ɗan kwikwiyon berger allemand ne, irin karen Jamus mai yawan gashi, daga Yawunde aka turo shi ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan mota ta ƙaraso da shi, sefa 120,000 ban da kuɗin hanya, rabi nawa rabi karo-karon dangi. Mai sayarwar ya haɗo da karne, wato katin allura, mai tambari wai an yi masa allurai. Kwana goma sha tara ya yi a gidan. Ya daina cin abinci, sai amai, sai gudawa da jini mai wani irin wari, likitan dabbobi yace parvo ce, wata cutar 'yan kwikwiyo, ya sa masa ruwa kwana biyu bai tashi ba. Ya duba karnen nan ya girgiza kai kawai.

Na biyu babba ne, namiji ɗan shekara biyu, wani tsohon mai gadi da ya yi aiki da karnuka a kamfanin tsaro ya ba mu aro yace zai horar mana. Karen na jin magana kam, zauna ya zauna, kwanta ya kwanta, da sarƙa da bulala aka koya masa. Ya saba da Tela cikin sati biyu. A Oktoba Tela ya faɗi a tsakar gida, karen ya tsaya a kansa yana gurnani ya hana kowa matsowa, ƙanwarsa ta miƙa hannu za ta janye murhu ya yage mata zani saura kaɗan ya kama cinya. Sai da aka jira ciwon ya sake shi aka jawo karen da igiya daga nesa. Mai gadin yace ai aikinsa ya yi, ya tsare ubangidansa. Muka mayar masa da abinsa.

Daga Afrilu zuwa Disamba 2021 kayen ya nuna faɗuwa 22.

Balbela, Disamba 2021 zuwa Mayu 2022

Na riga na haƙura. Wani dattijo mafarauci da ke sayen ƙuli wajen goggo don karnukansa ne ya ji labarin ya yi dariya, yace "Alhaji ƙarami, ka tsallake na gida ka je ka sayo mai rigar sanyi a garin da ƙwai ke dahuwa a rana." Ya ce in zo in ga 'ya'yan karyarsa su shida 'yan wata biyu. Yadda ya zaɓa ya burge ni. Ya jefar da faranti a ƙasa, biyu suka gudu ba su dawo ba, ɗaya ya hau haushi, uku suka firgita suka dawo suna shinshina. Cikin ukun ya sa Tela ya zauna a ƙasa ya yi shiru, wata fara mai dogayen ƙafafu ta zo ta hau cinyarsa ta kwanta. Yace wannan. Na ciro kuɗi yace shi ba ya cin kuɗin kare, in ba shi goro. Ƙannen Tela ne suka sa mata Balbela saboda fari da kuma yadda take binsa kaman balbela da saniya.

Wannan karon likitan dabbobi muka fara kai wa. Maganin tsutsar ciki, alluran kwikwiyo har da ta parvo, da ta cika wata uku aka yi mata ta ciwon hauka, kuma ana maimaitawa duk shekara. Wannan ba abin wasa ba ne a unguwa mai yara, ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Karnen allurar na manna kwafinsa a shago don duk mai tambaya.

Horon mu muka yi da kanmu, ni da Tela, ba duka ba tsawa. Lada kawai, ɗan guntun busasshen kifin Lagdo kaman ƙwayar gyaɗa. Minti goma da safe minti goma da yamma, in aka wuce haka hankalinta ya tafi. Zo, zauna, kwanta, bari. Tela ne kaɗai ke ba ta abinci. Kullum tana binsa shago ta kwanta ƙarƙashin teburin yanka, ta saba da ƙarar keke da mashin da awaki da yara masu jifa. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo ƙasa na ƙona mata tafin ƙafa, sai suka koma fita kafin ƙarfe bakwai, a shago kuma a jiƙa mata buhu ta kwanta a kai. Ubangidan ya yarda da sharaɗin ko gashinta ɗaya kar ya gani a shaddar mutane. Duk da haka akwai masu kawo ɗinki biyu ko uku da suka ɗauke kayansu.

A Afrilu muka koya mata haushi da umarni, kalmar itace "kira". Sannan Tela ya riƙa faɗuwar ƙarya yana karkarwa, ni in ce kira, ta yi haushi, kifi. A hankali na daina faɗin kalmar, faɗuwar kanta ta zama umarnin. Mataki na gaba ta ruga wajen mutum mafi kusa ta yi masa haushi ta dawo. Zuwa ƙarshen Mayu a gwaji goma tana cin tara.

Abubuwa uku da suka lalace, Yuni zuwa Oktoba 2022

A Yuni ciwon gaske ya zo a shago tana nan. Ta shige ƙarƙashin tebur ta dunƙule ba ta ce uffan ba. Da muka zauna muka yi tunani sai muka gane abin da ta koya daban da abin da muke zato. Ita a wajenta wasan yana faruwa ne in Hamma na tsaye da ledar kifi a aljihu, kuma faɗuwar ƙarya ba ta da wannan ƙarar ta farko da minsharin da warin fitsari. Sai muka sauya. Aka ajiye kifi a gwangwanaye a shago da zaure da madafa, duk wanda ta kira shi zai ba ta, ni kuma na daina zuwa wajen gwajin. Ƙanwarsa ta taɓa ɗaukar bidiyon faɗuwarsa a waya, sai muka riƙa kunna sautin a hankali lokacin gwaji muna ƙara ƙarfi kwana bayan kwana. Tela bai taɓa ganin kansa a wannan halin ba sai ranar, ya kalla sau ɗaya ya ajiye wayar ya fita, bai dawo ba sai bayan isha.

Na biyu shine maganar wari. Na karanta cewa a 2019 masu bincike na jami'ar Rennes a Faransa sun gwada karnuka biyar, suka iya bambance warin jikin mutum lokacin farfaɗiya da warinsa lokacin hutu ko motsa jiki. Sai na ce mu ma bari mu yi. Duk sanda ya faɗi a goge masa goshi da tafin hannu da auduga a sa a kwalba a kai firijin maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara. Wuta ta ɗauke kwana biyu, kwalba ta kwana kusa da kifi, wata audugar ma hannun goggo mai man gyaɗa ne ya taɓa ta. Wata uku muna yi, Balbela na zaɓen kwalbar da ta ga dama. Binciken ma da na sake karantawa a natse bai ce karnukan sun hango ciwon kafin ya zo ba. Muka bari.

Na uku, a Agusta ta shiga lokacin barbara, karnukan unguwa suka yi sansani a ƙofar gida, maƙwabta suka kai ƙara wajen mai unguwa, ita kuma ta tsinke igiya ta ɓace kwana uku. Ta dawo da kaska cike da kunne da rauni a ƙafa. Allah ya sa ba ta ɗauki ciki ba. A Oktoba aka yi mata aiki aka cire mahaifa, abin da ya kamata mu tambaya tun farko.

A wannan watan ne kuma muka tara yaran shago da mutanen gida muka koya masu nasu aikin, aka rubuta a takarda da Hausa da Faransanci aka manna a bango. In ta yi haushi a zo, a janye wuta da almakashi da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, kar a danne shi, kar a sa komai a bakinsa, in fizgar ta tsaya a juya shi gefe, a duba agogo, in ta wuce minti biyar sai asibiti.

Daren Nuwamba 2022

Wajen ƙarfe uku na dare. Goggo ranar a ɗakinta ta kwana saboda mura. Tace haushin da ta ji ba irin na ɓarawo ko mage ba ne, a ƙofarta ake yi ana kartar ƙyaure. Ta buɗe, karyar ta ruga ƙofar Tela ta dawo ta sake rugawa. Ta same shi ya kife a kan katifa fuskarsa cikin matashi, ta janye matashin, ta jira, ta juya shi. Da gari ya waye na zo na tarar goggo na zuba wa Balbela romon kai a kwanonta tana cewa "ci, 'yar albarka", sai da ta gan ni ta haɗe rai. Bayan sati biyu ta naɗe tabarmar ƙofar ɗakin.

Faɗuwar 2022 gaba ɗaya 26. Wato adadin bai ragu ba.

Sauyin magani, 2023

A Janairu muka koma wajen likita da kayen da bidiyon wayar. Ya daɗe yana duba shafin da na ke sa alamar ya sha ko bai sha ba, yace kusan duk faɗuwar tana biyo bayan tsallake magani ne ko rashin barci. Tela ya faɗi gaskiya a ranar cewa barcin da Gardénal ke sa shi ne ya sa yake gudunsa. Saboda wannan da kuma alamar da yake ji daga ciki kafin ya faɗi, likitan ya mayar da shi kan Tégrétol safe da yamma, ana rage tsohon a hankali cikin makonni.

Sau biyu a rana ga wanda sau ɗaya ma ya gagara. Ƙaramar ƙanwarsa ce ta kawo dabarar, tace ai Balbela ba ta taɓa manta lokacin cin abincinta ba. Sai aka ɗaure robar maganin a jikin murfin bokitin abincinta, ƙarfe shida na safe da shida na yamma, dokar itace ba ya buɗe bokitin sai ya haɗiye ƙwaya. Cikin kwana goma ta gane, shida na yi za ta zo ta dafa masa gwiwa tana kuka, in yana barci ta yi ta kartar asabari har ya tashi. Ni kuma na ɗauki nauyin sayen maganin wata biyu a tare don kar a wayi gari babu.

Faɗuwa 9 aka yi a 2023, uku daga ciki a goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli ke kwana a kan keke saboda kayan sallah. Da azumin 2024 ubangidan da kansa ya riƙa korar shi gida ƙarfe goma na dare, likita kuma ya daidaita masa lokutan shan maganin. Guga an ba wani yaro tun bayan ƙunar.

Inda ake a ƙarshen 2024

A 2024 faɗuwa 3. Daga daren Nuwamba 2022 zuwa Disamba 2024 jimilla 16, Balbela na wurin a 13, ta kira mutane a 12, ɗayar ta bi mage bayan gida. Sauran ukun ɗaya a masallaci, ɗaya a kasuwa, ɗaya a hanyar Marwa, wuraren da ba ta zuwa. Duk inda ta kira, ba a kai minti ɗaya ba wani ya iso. Ba a sake ƙuna ko karaya ba, sai cizon harshe. Na kuma rubuta duk ranar da aka ce min yau tana ta kai-kawo tana shinshinarsa, sau 17 ne, sau 2 kacal ya faɗi a ranar.

Abincinta da magungunanta na cin kaman sefa 8,000 zuwa 10,000 a wata. Masu mashin ba sa ɗaukarsa da ita. A Amurka ƙarƙashin dokar ADA ta 1990 mai kare haƙƙin naƙasassu irin wannan karen na shiga shago da asibiti da motar haya, a nan kuwa iyakarta gida da shago da hanyar da ke tsakaninsu. Yara na kiranta Dokta. An nema masa aure sau ɗaya aka ce a'a, ba a faɗi ko ciwon ne ko karyar ba.

Abin da na gani a ciki

Magani ne ya rage faɗuwar, ba karya ba, kayen ya nuna haka ƙarara, shekarar da ta fi ƙwarewa a gwaji ita ce shekarar faɗuwa 26. Da tun 2020 mun zauna mun tambayi yaron me ya sa yake gudun ƙwayar nan, wataƙila da hannunsa na miƙewa yau, kuma wannan laifin har da ni a ciki don na fi shekara ina bin bidiyo ban tambaye shi ba. Abin da na fita nema, karen da ke hango ciwo, ban samu ba, kuma duk wanda zai karɓi kuɗinka a kan alkawarin wannan ka riƙe kuɗinka.

Amma ba zan ce wahalar banza aka yi ba. Minti ashirin ya koma ƙasa da minti ɗaya. Goggo na barci. Mutanen da a da ke tsayawa kallo yanzu haushin ya zame masu kaman kiran suna, sun san abin yi, don kunya ma ba ka tsaya kana kallo dabba na neman taimako. Kuma ƙwayar da uwa da likita da ni muka kasa sa shi ya riƙa sha a kan lokaci, yunwar karya ta sa shi. Kare na ɗaya ya mutu ne saboda na sayi suna da takarda, na biyu an koya masa mutane abokan gaba ne alhali mutane muke so ya kira, ta ukun ta yi aiki saboda 'yar ƙasa ce mai sanyin hali kuma abu biyu kacal muka nema a wajenta.

Yanzu shekararta uku da 'yan watanni. Likitan dabbobi yace in an kula da ita za ta iya ƙara shekara biyar ko shida tana aiki, kuma a fara neman mai gadonta tun tana da ƙarfi don ƙaramar ta koya a gefenta. Na je wajen dattijon mafarauci da goro a watan jiya, yace karyarsa ta tsufa amma 'yarta na da ciki, in dawo bayan sallah.